Ajiye Tsintsiyar Nan, Mai Gangata

Zuwa ga hasken idona, raɓar safiyata, inuwata a tsakar rana, mai gangar da zuciyata ke bin kiɗansa,

Takarda huɗu na yaga kafin wannan. Ka san ni, ko sannu ba na iya yi maka sai ina kallon takalmina. Amma yau kunya ta yi haƙuri!

Dattawan coci sun yi maka horon wata uku saboda marin da ka yi wa mai jita a wurin koyon waƙa. Ka roƙe shi, ya yafe, Fasto ya karɓe ka a gaban jama'a. To me ya rage? Sai ga ka kana riga kowa zuwa coci, ka share, ka goge benci, ka wanke banɗaki, sannan ka laɓe can baya. In an kawo farantin gurasar Jibin Ubangiji ka sunkuyar da kai ya wuce ka. Ƙanwarka ta ce min wai ba za ka ci ba, ba za ka taɓa ganga ba, sai ka cancanta.

Haba, masoyina! Wa ya ce maka da tsintsiya ake samun gafara? Shara nawa za ka yi kafin Allah ya ce ta isa? Yesu ya gama aikin nan a kan gicciye, naka kawai ka ba da gaskiya ka karɓa. Alheri ne fa! Ruwan sama yana tambayar ciyawa me ta yi masa kafin ya sauko?

Ka tuna ranar da muryata ta maƙale a tsakiyar waƙa, na tsaya ƙiƙam, ikilisiya ta zuba min ido? Kai ka ƙara wa gangar ƙarfi, ka rufa min asiri har na dawo hayyacina. Wane alheri na taɓa yi maka? A littattafan soyayyar da nake ɓoyewa cikin jakar makaranta, sai mutum ya sha wuya kafin a so shi. Ranar na gane ashe ana ƙaunar mutum hannunsa wofi. In kai ɗan Adam ka iya, ina ga Mahaliccinka?

Ranar Lahadi zan zauna kusa da kai, ko da Mama za ta harare ni daga layin zumuntar mata, ƙawaye kuma su yi ta zunɗe. In farantin ya iso hannuna zan riƙe shi a gabanka, ba zan miƙa wa na gaba ba. Ko ka ɗauka, ko ikilisiya duka ta jira mu.

Taka ce, yau da gobe da ranar da gashina zai yi fari,
Shiru-shirun mawaƙa