Tiyon Merv

Talata, 4 ga Maris
Ruwa ya janye. Kogi ya shiga rumfar da nake zane har ƙirji, ya bar laka mai warin mushe.

Laraba, 5 ga Maris
Zan kashe Merv.

Na je kai wa Mama magani, kafin in dawo masu taimako sun cika layinmu da tsintsiya da bokiti. Maƙwabcina Merv, tsohon direban bas, ya fito da zanukana duka, ya jingina su da katanga, ya sakar musu tiyo. Kamar mai wanke bas. Aikin shekaru, kowane layi da rula na auna shi, na manna tef, na shafa fenti, na ɓare da numfashina a riƙe. Wanda na gama kwanan nan ko bushewa bai yi ba. Shuɗi ya gangaro cikin ja, laka ta bi su.

Ya ce, "Malama Rula, kin ga sun fito fes!" Yana murmushi. Jira yake in gode.

Juma'a, 7 ga Maris
Saskia ta zo daga Brisbane, mai ɗakin da za a baje aikina ƙarshen wata. Tun da masu baje zane suka daina kirana ita kaɗai ta ba ni bango. Da farin takalmi ta zo, cikin wannan taɓo. Ta daɗe gaban babban zanen, sai ta ce, "Glenys, 'yar uwa, wannan yana numfashi. A haka za mu rataye su."

Na ce kogi da Merv suka yi, sai ta rubuta sunansu a ƙasa. Na karanta duk littattafan masu cewa ka saki hannu, fenti ya san hanya. Maza ne akasari, masu matan da ke goge musu ƙasa. Fenti bai san komai ba. Ƙasa kawai yake nema, kamar kowane ruwa.

Na ce ba zan rataye su haka ba, sai ta ba ni zuwa Juma'a ta sama. Ko in kawo aiki, ko ta ba wani bangon. A shekaruna ba a ba mutum bango sau biyu.

Lahadi, 9 ga Maris
Na ɗaura sabon ƙyallen zane a katako. Zan sake, da hannuna, yadda na saba.

Litinin, 10 ga Maris
Tef ya ƙi kamawa. Iska jiƙe take, bango na gumi, komai na gumi. Na danna da cokali, na ɓare, fenti ya kurɗa ta ƙasa ya yi gashi-gashi. Na sake. Haka.

Merv ya leƙo ta katanga da gasasshen tsiran nama cikin burodi. "Har yanzu ana fushi, Malama?" Na ce ya ci abinsa. "Ni fa na ɗauka tayil ɗin banɗaki kike kwaikwaya." Dariya ta kusa kufce mini, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Laraba, 12 ga Maris
Na juya zanukan da kogi ya taɓa su fuskanci bango. Ba don komai ba. Duk shigowata idona can yake zuwa, wurin da shuɗin ya tsaya cak a bakin laka. Wa ya ce ya tsaya nan? Merv ya tafi shan shayi ne kawai.

Ban ci komai ba yau.

Alhamis, 13 ga Maris
Gobe ne.

Layi na ƙarshe ya zube da rana tsaka. Na tsaya ina kallo. Na fita na buga wa Merv katanga. "Kawo tiyon nan, tsoho." Ya ce, "Ni za ki jiƙa?" Na ce idan ya tsaya.

Niyyata in wanke sabon zanen tas, in kira Saskia in ce ta nemi wani. Na jawo ƙyallen tsakar gida na buɗe ruwa da ƙarfi. Tef ya tashi. Ja ya yi gefe, baƙi ya bi shi, wani kore da ban taɓa haɗawa ba ya fito tsakani. Na rage ruwan. Na karkata katakon. Ban san yaushe na fara karkatawa ba. Ina ta zagin fentin, ina binsa.

Sai na ji kaina na yi ihu, "Rufe! Merv, rufe famfon!" Ya rufe.

Muka tsaya. Ya ce, "To wannan kuma mene ne?" Na ce ban sani ba. Ban taɓa faɗa wa kowa haka a kan aikina ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Na kira Saskia. Na ce ta bar mini bangon, amma na kogi ba sa zuwa, sababbi zan kawo. Ta fara maganar sakin hannu, na ce idan ta sake cewa numfashi zan fasa.

Har yanzu ban yarda da littattafan nan ba. Wani dole ya ce a rufe famfo.

Asabar, 15 ga Maris
Tef ya ƙare. Shagon da nisa, kuma hanya ba kyau. Merv ya zo karɓar tiyonsa, na ce ban san inda na ajiye ba.