Ni Ce Tsohuwar Gwajin Tsinke

Litinin, 3 ga Maris

Yau na tarar da takalman gudun Tsinke a jiƙe cikin robar da nake wanke kwanuka. Ruwan baƙi ƙirin, wari kamar ɓera ya mutu a bayan firji. Jikata ce, 'yar babban ɗana, ajin ƙarshe na sakandare. Duk darussan duniya ta rasa na zaɓa sai ilimin motsa jiki. Wai har da kimiyyarsa. Ni a firamare na tsaya, amma na san gudu ba ya buƙatar malami. Kare ɗaya ya isa.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta liƙa hoton wani mutum marar fata a bangon ɗakinmu, jan nama zalla, idanu waje. Na ce ko ta sa masa riga ko ta fitar da shi. Wai, "Kaka, tsokoki ne." Na ce na sani, ai a teburin mahauci nake ganinsu.

Ubanta ya kafa sharaɗi. In ta faɗi jarrabawar aiki ta wannan darasi, ta manta da zancen jami'a da gyaran gaɓɓan mutane, shagonsa na jiranta. A raina na ce madalla.

Asabar, 8 ga Maris

Ashe ni ce jarrabawar. Malamarsu ta ce kowa ya nemi tsoho a gida, ya gwada ƙarfinsa, ya yi masa atisaye na wasu makonni, ya sake gwadawa. Ta jingina kujera da bango, wai in harɗe hannu a ƙirji, in tashi in zauna iya iyawata cikin rabin minti. Ni da na haifi ubanta!

Na ce bari ki gani. Na yi nishi, na karkace baki, na miƙe sau biyu da ƙyar, na zube kamar buhu. Nufina ta ce wannan ba ta gyaruwa, ta nemi wata tsohuwar. Sai ga ƙwalla a idon yarinya. "Kaka, ashe haka jikinki ya zama ban sani ba?" Ta rubuta biyu. Na shiga bayi na yi dariya har da tari.

Laraba, 19 ga Maris

Ba ta nemi wata ba. Kullum da safe ni ce jan wata igiyar roba mai warin taya, ni ce ɗaga gorar ruwa kamar mai talla. Ta dawo daga fili sharkaf da gumi ta kama wuyan hannuna da yatsunta masu danƙo, wai tana jin bugun jini. Tir. Uwarta tana leƙe ta tagar kicin tana toshe baki da gefen mayafi. Na gan ki, surukata. Ranarki na zuwa.

Lahadi, 30 ga Maris

Cinyoyina kamar an daka. Wai alamar ci gaba ce.

Talata, 15 ga Afrilu

Gwajin ƙarshe. Tana saita agogon waya ta ce kada in damu in ban yi da yawa ba, kakan ƙawarta ma sha biyu kawai ya yi. Na san tsohon. Wanda ke jan ƙafa zuwa kantin magani, haƙori ɗaya. Shi ne zai fi ni? Na manta da nishi, na manta da karkace baki. Sha biyar. Tsinke ta yi ihu ta rungume ni da rigar nan tata mai tsami.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ta dawo daga makaranta ba sallama. Malamar ta ce babu tsohuwar da za ta tashi daga biyu zuwa sha biyar a wata guda da 'yan kwanaki, ƙirƙira ta yi, kuma mai ƙirƙira sifili ne makinsa. A gaban aji ta faɗa. Ubanta ya ce to shi ke nan, magana ta ƙare, ya ci gaba da cin abincinsa.

Ba ta yi kuka ba. Da hannunta ta ɓanɓare mutumin nan marar fata ta naɗe shi ta tura ƙarƙashin gado. Na samu abin da nake so. Abincin ne dai yau ba gishiri, ko bakina ne.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na je makarantar. Allah kada Ya maimaita mini. Ɗakin atisayen nan wari uku ne a haɗe: safa, hammata, da katifun roba da ban jin an taɓa nuna musu sabulu. 'Yan mata zube a ƙasa ƙafafu sama.

Malamar wata gajeruwa ce mai wando, usur a wuya. Na ce a ba ni kujera. Na yi mata sha huɗu, ɗayan kuwa, warin ne ya cinye shi. Ta ce, "Mama, na ga na yau. Na farkon fa?" Na ce wasa nake yi ran nan. Ta ce ba ta gane ba, in nuna mata.

Haka na yi. Gaban 'ya'yan mutane na yi nishi, na karkace baki, na zube. Aji ya kwashe. Ita kanta dariya ta kama ta usur na bakinta, sai fiit fiit yake yi. Da ta nutsu ta ce laifin ba na yarinya ba ne, amma aikin ya lalace tun daga tushe. Sai a ɗauki na yau a matsayin farko, a sake makonnin daga ɗaya. Wato ni aka yanke wa hukunci.

A hanya Tsinke tana gaba ina baya. Sai da muka kai bakin titi ta ce, ba ta ko juyo ba, "Kuka fa na yi miki, Kaka." Na buɗe baki in tsokane ta. Sai na fasa, na bi bayanta har gida.

Laraba, 7 ga Mayu

Yanzu ba tausayi. In na yi nishi sai ta ce, "Na gaske ne ko na fim?" Ta ƙara tsayuwa da ƙafa ɗaya. Zakara na koma a gidan ɗana.

Litinin, 9 ga Yuni

Ta ci. Ƙarin da na yi kaɗan ne, malamar ta ce irinsa ake so. Ubanta ya daɗe yana duban takardar, ya ce shagon dai ba gudu zai yi ba, ta je ta gwada jami'ar. An gama da ni, alhamdu lillahi, ba mai sake taɓa ni da hannun gumi.

Da yamma wata 'yar ajin ƙasa da su ta zo, wai su ma an ba su aikin, kakarta kuma ta rantse ba za a mai da ita biri ba. Na ce su kawo mini ita gobe da safe. Ba don komai ba, in ga irin nishin da za ta yi ne, na san na ƙarya. Kuma dole wani ya nuna mata yadda ake ajiye ƙafa, yaran nan ba su iya bayani ba.