Na Hana Baba Maganinsa

Recife, 14 ga Maris

Zuwa ga Yaya Edvaldo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da Marlene da yara, Allah Ya sassauta muku sanyin Lisbon. Mama na nan ƙalau, sai ƙafar da ke damunta. Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ba ta da daɗi.

Ka san aikina: injinmu yana harba ƙwayoyin zarra kan tutiya har ta koma wani sinadari mai suna galiyom, mu haɗa shi da magani, a yi wa mara lafiya allura, hoto ya nuna inda cutar daji ta kai. Duk awa ɗaya da 'yan mintuna rabin ƙarfinsa ke tafiya, don haka kullum a guje muke. Dokarmu kuwa, ƙarfe ba ya taɓa kayan haɗi, sai roba, don ƙarfe na ɓata maganin.

Ranar Talata sunan Baba na cikin mutum shida da za a yi wa hoto. Awa goma ya yi a bas daga Ouricuri. Ni kuma hankalina na wurinsa, hantsakin roba ya ɓace mini, na ɗauki na ƙarfe. Shekara tara ina wannan aiki ban taɓa yin haka ba. Da na gwada maganin, ya kasa kai ma'auni. Zuleide, abokiyar aikina, ta ce ke Joelma, ƙiris fa ya rage, ubanki ne a zaune can, sa hannu kawai, wa zai sani? Na ce hoton ƙarya zai fito, likita ya yanka inda babu ciwo. Na ƙi sa hannu, aka sallami mutum shida. Sai bayan mako bakwai za a sami wani gurbi.

Da na fito, na tarar da Baba yana ce wa sauran su yi haƙuri, injin ne ya tsufa kamar shi, 'yarsa dai ba ta kuskure. Na bar shi a haka, ban faɗa masa laifina ne ba, kuma har yau kunya na cina.

Yaya, da na raka shi tasha, mutum biyu suka ɗaga shi ya hau bas. Kada ka jira hoto. Ka nemi hutu ka taho.

Ka gaishe da Marlene, da Cícero, da ƙaramar Iracema.

Ƙanwarka,
Joelma