Inna da Jegon Kifi

Zuwa ga Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya ƙara rufin asiri, Ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Maigidana ya warware daga murar da ta kayar da shi, har ya koma gareji.

Yaya, zancen Inna ne, amma kwantar da hankalinka, alheri ne. Ka san tun da likita ya hana ta zama ita kaɗai saboda hawan jini muka ɗauko ta, ba ta da magana sai ta komawa gidanta. Wai mun rataye ta a saman bene kamar shanya, ba akuya, ba kaza, ko kyanwa mai gidan hayar ya hana. Har ta kafe ƙarshen wata za ta tafi ko da a ƙafa ne. Wallahi na tsorata, don ka san gyatumarka, in ta ce za ta yi, an gama.

Ana cikin haka na biya ta shagon wani mai sayar da tsuntsaye, na ga wasu 'yan kifaye a akwatin gilashi, babbansu bai kai ƙaramin yatsana ba. Mazan da wutsiya kamar mafici, ja da shuɗi da ruwan goro, matan kuwa sun fi jiki amma ba ado. Ya ce ba sa bukatar wuri mai yawa, kuma irinsu ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke yi. Na sayo kaɗan na ɗora a teburin falo. Inna ta dube su sheƙeƙe, ta ce an ga wawiya an cuce ta, kifin da ko ɗari aka zuba a miya ba za a san da shi ba. Zancen haihuwar kuwa, ta ce in tafi in ba yara labari.

To, mai hali ba ya fasa halinsa. Sai na lura kujerarta kullum tana ƙara matsowa kusa da teburin. Ran nan da hantsi ina wanke-wanke na ji ta rafka salati, na fito a guje da kumfa a hannu, na ɗauka faɗuwa ta yi. Ashe wata kifanya ce take haihuwa, 'ya'ya suna fitowa kamar ƙwayar shinkafa mai ido. Muna kallo uwar ta juya ta haɗiye ɗaya! Yaya, ban taɓa jin Inna ta yi wa wani faɗa irin wanda kifanyar nan ta sha ba, har da uwar banza. Ta juye sukarina a faranti, ta ɗauraye kwalbar, ta kwashe jariran da matacin shayi. Yanzu ita ke murza musu abinci da yatsu, kuma ta hana surukinta ƙure talabijin, wai akwai masu jego. Shi ma bawan Allah da sanɗa yake shiga falonsa.

Wata ya ƙare, na ƙi tuna mata da zancen tafiya. Ita da kanta ta ce in rubuto maka kada ka sa a buɗe gidan tukuna, ba za ta bar 'ya'yan nan a hannun sakarkaru irinmu ba sai sun yi wayo. Na shige kicin na yi kukana na daɗi, na share fuska na fito. Mai shagon ya ce kusan duk wata suke haihuwa, ga shi sauran matan ma cikinsu ya yi nauyi. Ban gaya mata ba, kai ma in kun yi waya kada ka kuskura.

Ka gaida mini Antina da kyau, da takwarar Inna, da 'yan biyu sarakan ƙiriniya. Maigidana yana gaishe ka, Inna tana sa maka albarka. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta