Tsagar Fuskar Baba

Zuwa ga yayata Balaraba, a Sabiyal.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da Inna, da Maccido da yara. Yaya albasar bana? Ni lahiya lau nan Kumasi, shagon hoto yana tahiya, barci ne dai ya ɗan yi wuya.

Kin ce Inna tana son hoton da na ɗauki Baba a gona kafin rasuwarsa. Yaya, na yi ɓarna. Da munka sayi kwamfuta, maigidana ya ce in zaɓi manhaja ɗaya, ta gyaran hoto ko ta adana hotuna. Ya ce, "Tukur, ɗauki ta adanawa, ita ke riƙe na asali." Na ƙi, na ɗauki ta gyara. Na goge wa Baba tamoji, na share tsagarsa don ya yi kyau, na ajiye bisa na asalin. Yanzu wani baƙo ne cikin rigarsa.

Ina ƙoƙarin maida tsagar, amma na kasa tuna ko uku ce ko huɗu a kuncin hagu. Don Allah ki tambayi Inna cikin hira, kada ki gaya mata dalili.

Allah shi jiƙan Baba, shi bar mana ku.

Ƙaninki,
Tukur