Mabuɗin akwati da sunan Afsana

Zuwa ga 'yata Jamshida,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara a can Haidarabad. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma alhamdu lillahi. Gwiwata tana nan da halinta, ɓaunar gida da muke tatsa ta haihu, gero ya shigo gida. Afsana 'yar yayanki Hakimuddin ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce mata ta rubuta abin da na faɗa, kada kanta ya kumbura, don labarinta zan ba ki.

Malama Kamlesh, wadda ke koyarwa a makarantarsu kuma take kula da rajistar masu zaɓe ta unguwarmu, ta gaya musu cewa yanzu mai shekara goma sha bakwai zai iya cika takarda tun da wuri, in ya kai sha takwas sai sunansa ya hau. Yarinyar nan ta dawo gida ko mayafi ba ta ajiye ba, ta ce wa ubanta ya ba ta takardar haihuwarta. Kin san yayanki. Ya ce ita da ba ta iya gasa gurasa ba tare da ta ƙone ba, ita ce za ta zaɓo gwamnati? Ya ce 'ya mace a garin mijinta ake rubuta ta, haka aka saba, ya mayar da kai kan shayinsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, Abba, ita dai mijin nan ba ta san garinsu ba tukuna, amma famfon da ta saba bin layi a kansa ta san inda yake, ta kuma san wata nawa ya yi a lalace. Sai da na rufe bakina da gefen mayafi don kada dariya ta ƙwace mini.

Ni kuwa sai na tuna kaina. Da na isa yin rajista, ubana ya ce a bari sai na je gidan miji. Da na zo, mai rajista ya tsaya a ƙofa ya tambaye ni sunan maigidana. Ke kin san mace irin ta zamaninmu ba ta kama sunan miji da bakinta. Na ce masa uban Hakimu. Ya ce babu gurbin wannan a takarda. Babanku yana gona, babu namiji kusa, mutumin ya wuce gaba. Sai da na aurar da ke kafin tawadar zaɓe ta taɓa yatsana.

Takardun gidan nan suna cikin akwatin ƙarfe, mabuɗin kuma tun rasuwar babanku yana wuyana. Washegari da hantsi, a gaban Hakimu, na ciro shi na miƙa mata. Ya ce Inna, kin kunyata ni a gaban 'yata. Na ce masa ni na yi masa wankan farko, babu sauran kunya tsakaninmu. Amma da za ta tafi shi ya tayar da babur, wai rana ta yi zafi. An karɓi takardarta. Bayan damina za ta cika sha takwas, sunanta ya fito a garin da aka haife ta. Ƙawayenta huɗu ma sun bi sahu.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Da kika kai shekarunta, ni da bakina na ce a bari sai kin je gidan miji. Shekara ashirin ke nan ban taɓa tambayar ki ba. Jamshida, sunanki yana ina? In babu shi a ko'ina, ki yafe mini, ki gaya mana. Takardar haihuwarki tana cikin akwatin nan, Afsana ta gan ta, ta ce ita za ta aiko miki.

Ki gaishe da maigidanki Sirajuddin, da jikokina Nusrat da Danish. Hakimu da matarsa Ruksana suna gaisuwa.

Mahaifiyarki,
Basiran