Ruwan da Baba Bai Sha Ba

Litinin, 3 ga Maris
An kwantar da Baba, zagaye na biyu na maganin kansar huhu. Likita ta ce maganin yana wahalar da ƙoda, dole ya riƙa shan ruwa sosai, kuma a riƙa auna fitsarinsa. Ta miƙo roba mai layi-layi. Yaya ya kai hannu, na riga shi. Mutumin da ko kofin shayinsa ba ya wankewa, shi zai iya jinya? Baba ya juya fuska bango.

Alhamis, 6 ga Maris
Gorar ruwa tana ƙarewa, roba kuwa kusan a bushe. Yaya ya ce ni dai da ƙorafi.

Lahadi, 9 ga Maris
Baba sai amai. Ko magana nauyi take masa.

Talata, 11 ga Maris
Na dawo daga karɓo magani na tarar da shi yana tuttular da ruwan ta taga. Na ɗaga wa ubana murya, Allah ya yafe mini. Ya ce, "Uwata, shekara talatin ina jan babbar mota. Direban kirki ba ya cika ciki da ruwa." Na karɓe gorar ina huci. Can ya ce a hankali, "'Yar da na haifa ba za ta ɗauki fitsarina ba."
Ashe kunya ce. Kwana takwas yana zaune da ƙishi saboda ni.

Alhamis, 13 ga Maris
Gwajin jini ya fito, ƙodar ta taɓu. An dakatar da magani. In ba ta farfaɗo ba, babu zagaye na uku. Likita ta ce maganin yakan yi haka ko da an sha ruwa. Ina jin lallashina take.

Asabar, 15 ga Maris
Na bar wa Yaya robar. Baba yana sha, har yana neman ƙari. Na fita baranda na yi kukana.

Laraba, 26 ga Maris
Ƙodar ba ta dawo ba. Baba ya ce a mai da shi gida. Da a makon jiya ne, da asibitin nan ya ji ni. Yau kayansa kawai na naɗe.
Bayan la'asar na ɗaga hannu zan roƙa masa waraka kamar kullum, sai na ji bakina yana cewa Allah kada ya sha wahala. Ban gyara ba.